Bazarar da Muka Yi Jinyar Yatsa

Bazarar bana ta zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba. Tun da hantsi ƙasar tsakar gida take korar ƙafa, kaji su shige ƙarƙashin rumbu baki buɗe, ruwan randa ma ya koma kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. A irin wannan lokaci ake yankan shinkafar rani a fadamar Gummi, kuma a lokacin ne gidan autata Rabi yake cika da buhuna, don sana'arta ke nan, turara shinkafa. A jiƙa ta, a ɗora a tukunya tururi ya ratsa ta, a juye a shanya, a yi ta bazawa da hannu ana juyawa har ta bushe, sannan a kai inji. Wanda bai taɓa aikin ba ba zai yarda ɓawon shinkafa yana da kaifi ba. A hankali yake cin fatar hannu, ba ciwo, ba jini, sai dai wata rana mutum ya duba ya ga yatsunsa sun yi sumul.

Da wannan sana'a Rabi take riƙe karatunta. Tana jami'a a Sakkwato, amma ba cikin ɗaliban da suke zaune can ba. Nata na ƙarshen mako ne. Ta tafi, ta yi darasi, ta dawo ga 'ya'yanta da tukwanenta. Mijinta malamin firamare ne, abin da yake samu cikin gida yake ƙarewa. Bana aka ƙara kuɗin makaranta har ya fi ƙarfin tukwanen. Ta gaya mini a tsaye, tana gyara goyo, cewa idan ba wata hanya ta buɗe ba, daga wannan zango za ta ajiye karatun. Na dai san mace mai 'ya'ya in ta ajiye irin wannan, da wuya ta koma ta ɗauka.

Sai labarin rancen karatu na gwamnati ya zo. A makaranta an gaya musu gaskiya, cewa masu karatun cikakken lokaci ne a gaba, su na ƙarshen mako su nema su jira, ba a yi musu alkawari ba. Rabi ta ce ko ƙofa a rufe take, za ta ƙwanƙwasa. Ta waya ake nema, kuma duk abin da aka tambaya tana da shi sai abu guda: asusun banki da sunanta. Ita duk shekarun nan ta asusun mijinta ake turo mata kuɗin shinkafa.

Ta je banki ta bi layi. Wata yarinya 'yar Zuru ce take ɗaukar yatsu a wata 'yar na'ura mai gilashi. Rabi ta ɗora, na'ura ta ƙi. Yarinyar ta goge gilashin, ta ce ta shafa yatsan a goshi ta sake. Ta ƙi. Ta hura masa iska, ta ƙi. Ƙarshe yarinyar ta kama hannun ta juya shi ta duba, ta tambaye ta wane aiki take yi. Da ta ji, sai ta ce ba ita ce ta farko ba, zanen yatsun ne ya goge. Ta je ta hutar da hannun, zai dawo, amma ta yi ƙoƙari kada ta wuce ƙarshen wata, don an ce lokacin za a rufe neman rancen.

Daga bankin gidana ta yo. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba, ta miƙo mini babban yatsanta.

"Inna, duba mini wanga abu. Wai ba ni da zane. Shekara uku ina jami'a, yau an ce ba ni da yatsa."

Na kama yatsan na kai shi haske. Sumul, yana sheƙi kamar bayan cokali. Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Ta janye hannunta, idonta ya kawo ruwa, ta ce ita tana cikin wannan hali ni ina dariya. Na ba ta haƙuri, na ce ba ita nake wa ba. Wani yatsa na tuna.

Ina da ƙuruciya a lokacin, muna can ƙauyenmu na wajen Gwashi, goyon fari a hannuna, Hajara, yayar Rabi. Damina ta fara lafiya a shekarar. Muka yi shuka, muka yi noman fari, gero ya tashi har ya kai ƙugu. Yana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso, mu fito da tukwane da ƙore mu jera a ƙarƙashin indararo. Sai iskar ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Ganyen gero ya nannaɗe, ya yi fari, in ka bi ta gona sai ka ji yana ƙara kamar ana taka busasshiyar tabarma. Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Da rani ya yi nisa maza suka tafi ci-rani, har da mahaifinsu Rabi, Allah ya jiƙansa. Gida ya rage ni da 'yar goyona da uwar mijina. Ƙanwar mahaifina ce, don haka Goggo nake ce mata tun ina yarinya, aure bai canza ba. Gajeriyar mace ce mai ciwon gwiwa, ba ta da yawan magana, in kuma ta yi, ta yi ke nan.

Kafin bazara ta shigo hatsi ya ƙare. Da asuba nakan fita neman ganye tare da matan unguwa, tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Tafasar da muka shanya tun damina ta ƙare, muka koma ga duk abin da awaki suke ci ba su mutu ba. Mu sassaƙe goriba mu daka a dama. Mu tsinko 'ya'yan anza, masu ɗacin da in ba a jiƙa su an yi ta sauya musu ruwa ba, ba sa ciwuwa. Dusa da a da kaji muke zuba wa ta zama abin da ake tankaɗewa a tsanake. Yunwar bazara ba ta da hayaniya. Mutum ya tashi tsaye sai ya ga duhu-duhu, ya dafa bango, ya jira ta wuce. Yara sun daina wasa a dandali, suna kwance a inuwa kamar tsofaffi.

In rana ta take, sai saƙa. Da ita muke samun ɗan abin sayen dusa da gishiri. Mu yanko kaba, mu tsaga, mu zauna ƙarƙashin runfa ni da Goggo muna saƙa tabarma har la'asar. Gefen kaba yana da kaifi, kuma babban yatsa ne yake tura ta. Ga ruwan anza, ga ruwan toka da muke wanki da shi don babu sabulu, ga taɓarya. Ban taɓa tsayawa na dubi hannuna ba. Wa yake da lokacin duba hannu?

Sai aka yi shela cewa gwamnati ta kawo hatsin agaji, za a raba a garin hakimi, kowane gida mutum guda. Sunana aka rubuta, don Goggo ba ta iya tafiyar. Na bar mata Hajara, na ɗauki buhu na bi mata muka kama hanya. Rana ta same mu a layi. Ina jin ƙamshin dawar daga inda nake tsaye, har miyau yana taruwa a bakina.

Da na iso gaban tebur, malamin da ke rabo ya kama babban yatsana ya danna a tawada ya danna a takarda. Abin da ya fito baƙin tabo ne kawai, da farin layi a tsakiya inda fatar ta tsage. Ya gwada na hagu, haka. Ba mugun mutum ba ne, na ga tsoro a fuskarsa. Ya ce in ya kai wannan sama, za a ce shi ya dangwala da kansa ya ci hatsin. Ya tambaye ni ko na iya rubuta sunana. Na ce a'a. Ya ce to in yi haƙuri, akwai rabo na biyu nan gaba kaɗan, in dawo da yatsa mai zane. Ina nan tsaye matar wani malamin makaranta ta matso, ta karɓi alƙalami ta yi 'yan lanƙwashe-lanƙwashe, aka auna mata ta wuce. Hannunta ko tawada bai taɓa ba.

Na dawo da buhuna a naɗe a hammata. Goggo ta hango ni tun daga ƙofar gida, ba ta tambaye ni ba sai da na sha ruwa. Da na gaya mata, ta ce in kawo hannun. Ta daɗe tana dubawa, tana murza yatsan da nata. Sannan ta ce:

"Daga yau ba ki taɓa kaba, ba ki taɓa toka, ba ki taɓa taɓarya. Wanga yatsa shi na mai gida yanzu."

Na ce Goggo, to wa zai yi aikin? Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Akwai wata Bafulatana, Dije, da rugarsu take bayan gari, ƙawar Goggo ce tun kafin a haife ni. Shanunsu ma sun rame har ana ƙirga haƙarƙari, nono sai ɗan abin da ba a rasa ba. Goggo ta aika mata. Washegari ta zo da man shanu a ɗan ƙoƙo, bai fi a rufe shi da tafin hannu ba. Rabon da mu ga maiƙo a gidan tun kafin maza su tafi. Na ɗauka a miya za a sa. Goggo ta lakato da ɗan yatsa ta shafa mini a manyan yatsuna biyu, ta rufe ƙoƙon ta rataye a sama inda hannu ba ya kaiwa. Dije ta riƙe haɓa ta ce tun da take sayar da mai ba ta taɓa ganin an ciyar da yatsa an bar ciki ba. Goggo ta ce yatsan ne zai ciyar da cikin.

Matsalar Hajara ce. Ta fara tafiya a lokacin, hancinta kuwa ba ya kuskure. In na zauna sai ta rarrafo cinyata, ta kama yatsan ta sa a baki ta tsotse shi tas. Ni kuma ba na iya hana ta. Goggo ta kama mu sau ɗaya, sau biyu, sai ta yago tsumma ta naɗe yatsun ta ɗaure. Amma kullum in ta gama shafa mini, nakan ga ta juya baya ta ba yarinyar nata yatsan ta lashe.

Zaman ya fi mini aikin wuya. Ina zaune a runfa hannu bisa cinya kamar amarya, tsohuwa tana daka, tana tsayawa ta huta, tana ci gaba. Ta sauya wa anza ruwa, ta yi wanki, ta zauna ta saƙa rabona da nata. Matan unguwa suka ji, sai wannan ta ɗebo mana ruwa in ta je rijiya, waccan ta haɗa ganyenmu da nata. In sun shigo sai su durƙusa su gaida yatsan, su tambaye shi ya kwanan gajiya. A cikin yunwar nan muka yi ta dariya. In na miƙa hannu zan ɗauki ko tsintsiya, Goggo ba ta magana, kallo kawai.

Ranar rabo na biyu na kwance tsumman. Zanen ya dawo, siriri, sai an karkata shi ga rana ake gani. Na yi tafiyar hannuna a dunƙule cikin zane kada ƙura ta taɓa shi. Malamin ya gane ni. Ya danna, ya ɗaga takardar ya duba, ya gyaɗa kai. Aka auna mini jar dawa.

Da na iso gida Goggo ba ta taso ta sauke ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana zaune hannuwanta a cikin zane, ta ce in ajiye nan. Na surfa na niƙa na tuƙa tuwo, tuwon farko a gidan tun da daɗewa. Na kai mata, ta ce ita ba ta jin cin tuwo, in dama mata kunu. Na dama. Sai na ga ta tallabi ƙwaryar da wuyan hannuwanta biyu ta kai baki. A nan na ga yatsun. Duk sun tsage, wasu har sun kumbura, ba ta iya lanƙwasa su balle ta yanki loma. Na tashi na sauko da ƙoƙon man, ɗan abin da ya rage a gindinsa. Ta ce in mayar, na Hajara ne. Ran nan ne kaɗai na taɓa ƙin jin maganarta.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Ina tuna ƙamshin ƙasar, da yadda muka tsaya cikinsa ba wanda ya nemi mafaka. Maza suka dawo, aka yi shuka da irin aro, shekarar ta yi kyau. Da aka gasa tumun fari, Goggo ta murza shi da hannunta, don hannun ya riga ya warke.

Bayan kaka aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a zauren mai gari. Ni ce na fara zuwa. Malamar ta tambayi kowa abin da ya kawo ta, wasu suka ce karanta wasiƙa, wasu lissafin kasuwa. Na ce ni sunana kawai nake so in iya rubutawa, kada wani ya sake kama mini yatsa. Ranar da na rubuta shi ba a riƙe mini hannu ba, na kawo allon gida na nuna wa Goggo. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce ya yi kyau, amma ya fi kama da sawun kaza. Daga nan na yi niyyar duk 'yar da na haifa sai ta wuce ni.

Wannan labarin na ba Rabi a bakin ƙofa. Na ce mata abin da ya ba ni dariya ke nan: na yi karatu don in tsere wa dangwale, na tura ɗiyata har jami'a, ga shi yanzu ba ɗaya suke nema ba, goma suke so. Ita ma sai da ta murmusa. Ta ce amma Inna, buhunan mutane suna jibge a gidana, in na tsaya za su kai wa wata, kuma da kuɗin nake hawa mota zuwa makaranta. Na ce ban tambaye ta ba.

Washegari na ɗaure kayana na koma gidanta. Na kira Hajara a waya, tana aure a Anka, ta ce hanya ba ta da daɗin bi yanzu amma za ta shigo motar safe tare da jama'a. Ta zo. Man shanu bai yi wuya ba wannan karon, a kasuwa na saya, kwalba guda. Rabi ta ce akwai man shafawa na kanti da ya fi shi, na ce ta shafa nata da rana, nawa da safe.

Muka raba aiki. Hajara a wajen wuta da sauke tukwane, don ta fi ni ƙarfi, ni a wajen shanya. Zafin bana ba ya barin shinkafa ta jira. In ba a juya ta a kan lokaci ba sai ta bushe ta sama ta karye a inji, mai ita ya yi ƙorafi. Akwai katakon da ake ja da shi, amma gefe-gefe da inda ta dunƙule sai hannu. Na sunkuya, na baza, na miƙe, na dafa bango. Gumi yana shiga ido. Rabi tana zaune a inuwa da littattafanta, yatsu a naɗe, tana buɗe shafi da gefen hannu, rabin hankalinta a kanmu. In ta ga mun cika wa tukunya ruwa sai ta yunƙura.

Hajara ta ce, "Zauna, Hajiya. Mu talakawa muna aiki, 'yan jami'a suna kiwon yatsa."

Rabi ta ce, "Ke dai yi nisa da kwalbar man nan. An ba ni tarihinki."

Hajara ta juyo ta dube ni, ta ce ashe asirin da ta yi shekara da shekaru tana rufewa na kwance shi a rana guda. 'Ya'yan Rabi suka ji, suka riƙa bin ta suna miƙa mata yatsa.

Muka ci gaba a haka har wata ya kusa ƙarewa. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, sai mu kwashe shanya a guje, ya watse bai zubar ba. Kullum da safe in kwance mata tsumma in kai yatsan haske. Da fari ba komai. Daga baya wani abu kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Ta so ta koma banki tun a lokacin, na ce ta ƙara haƙuri, zuwa ɗaya ya fi zuwa biyu. Sai da ya rage kaɗan a rufe na ce ta je.

Mijinta ya ɗauke ta a babur. Ta zauna a baya hannuwanta a dunƙule cikin mayafi, ko shi ba ta riƙe ba, yana ta faɗa kada ta faɗo. Ni na koma ga shanya, don in na zauna zuciyata ba za ta zauna ba.

Bayan azahar na ji sallamarta. Ta ce yarinyar nan 'yar Zuru ta gane ta, ta kama yatsan ta duba ta ce wane asibiti ta je. Hannun dama ya hau a karon farko. Na hagu ya yi gardama, sai a na uku. Suna fitowa da lambar asusun ta zauna a inuwar bankin ta ƙarasa neman a waya, ta tura, saƙo ya dawo cewa ya shiga. Amsa kuwa sai abin da Allah ya yi, har yanzu muna jira. Amma sunanta yana cikin masu jira, kuma ta ce ko ya ya ta kasance ba ta ajiye karatun bana ba.

Hajara ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka don murna. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, iska ta fara kaɗawa mai ƙamshin ruwa daga nesa. Aka ajiye mini kwanona. Na ce su ci, ni zafin nan ya hana ni son abu mai nauyi, in akwai sauran kunu a miƙo mini.

Rabi ta tsaya da loma a hannu. Ta dubi fuskata, ta dubi mayafin da na rufe hannuwana da shi a kan cinya. Ta mayar da lomar cikin kwano, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar man shanu da tsummanta da ta kwance da safe. Ta durƙusa a gabana.

Na ce ba komai ba ne, zafi ne kawai.

Ta ce, "Inna, ban tambaye ki ba. Kawo hannun."